Halshe Ko Harshe: Hukuncin Saɓanin Furuci A Tsakanin Hausawa

Daga cikin tambayoyin da suke haɗa mai nazarin harshe da malamin addini a zaure ɗaya akwai tambayar ko furuci yana da gaskiya da ƙarya, wato idan al'umma guda tana faɗin kalma guda ta hanyoyi biyu ko uku, ko ɗaya daga cikin hanyoyin ce daidai a kan kanta, sauran kuwa karkata ce da ya wajaba a miƙe, ko kuwa dukkansu a kan hujja iri ɗaya suke tsaye. Tambayar tana da nauyi na musamman a kwarin Gulbin Maraɗi, inda Tsibiri da birnin Maraɗi da Jiratawa suke maƙwabtaka, domin a nan yaro yakan tashi yana jin mahaifiyarsa tana cewa hura da lahiya da halshe, sannan ya buɗe littafi ko ya kunna rediyo ya tarar da fura da lafiya da harshe, kuma ba a jimawa sai ya fara zaton cewa ɗaya daga cikin bakunan biyu ya yi kuskure, mafi yawan lokaci kuma bakin gida yake ɗora wa laifin. Abin da za a nemi tabbatarwa a nan shi ne cewa daidaitacciyar Hausa yarjejeniya ce ta alƙalami wadda take da amfani mai yawa, amma ba ta da ikon yanke wa baki hukunci, kuma cewa tarihin karatun Alƙur'ani, wanda kowane alaramma a wannan yanki ya gada, ya riga ya nuna yadda rubutu ɗaya yake ɗaukar murya fiye da ɗaya ba tare da gaskiya ta rabu biyu ba.

Asalin saɓanin

Karin harshe shi ne yanayin da mutanen wani yanki suke sarrafa harshen da suka yi tarayya da wasu a cikinsa, ta fuskar furuci da kalmomi da ginin jimla, ba tare da bambancin ya kai ga hana fahimtar juna ba. Masana sukan kasa kare-karen Hausa gida biyu manya, wato na gabas, wanda ya ƙunshi Kananci da Zazzaganci da Bausanci da makamantansu, da na yamma, wanda ya ƙunshi Sakkwatanci da Gobiranci da Adaranci da Arewanci, Katsinanci kuwa yana ɗauke da siffofi da yawa na yamma. Tarihi ne ya tara biyu daga cikin waɗannan a kwari ɗaya. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ya fara a 1804, birnin Katsina ya faɗi a 1807, tsohon gidan sarautarsa kuma ya yi arewa har ya zauna a Maraɗi a zamanin Ɗan Kasawa, yayin da Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808 aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri a kusa da Maraɗi, ta haka fadar Gobir da fadar Katsina suka zama maƙwabta da tazarar da ba ta kai tafiyar wuni ba, kowace da mutanenta da kirarinta da irin bakinta. Daga baya yarjejeniyoyin iyaka tsakanin Ingila da Faransa a farkon ƙarni na 20 suka bar wannan kwari a hannun Faransa, suka bar Kano da Katsina da Sakkwato a hannun Ingila, sai aka samu makaranta iri biyu da rubutu iri biyu a kan harshe ɗaya.

Bambance-bambancen furucin suna bin ƙa'ida, kuma wannan shi ne abu na farko da yake rushe zaton cewa kuskure ne, domin kuskure ba ya bin tsari. Sautin da ake rubutawa da f a daidaitacciyar Hausa yakan fito a bakin mutanen yamma a matsayin hw idan wasalin a ne yake biye da shi, kamar hwara da hwaɗi, ya kuma fito a matsayin h idan wasalin i ko u ne, kamar hita da tahiya da hura. Sautin ts yakan koma tc a gaban wasalin i ko e, shi ya sa dutse ya zama dutci, kuma wannan furucin ne Faransawa suka ji suka rubuta sunan Dogondoutchi, kamar yadda suka rubuta Tibiri da Djiratawa gwargwadon abin da kunnensu da haruffansu suka iya ɗauka. Inda Bakano yake rufe gaɓa da r, mutumin yamma yakan rufe ta da l ko t, ya ce halshe da biyat, inda kuma Bakano yake cewa 'ya, shi ɗiya yake cewa. A ginin jimla ma haka abin yake, ana jin sunka da munka da anka a gurbin suka da muka da aka, ana jin shina a gurbin yana, da gidanai a gurbin gidansa.

Abu na biyu ya fi na farko ƙarfi, shi ne cewa a wurare da dama furucin yamma ne ya riƙe tsohuwar siffar kalma. Masanin Jamus August Klingenheben ya bayyana a ƙarshen shekarun 1920 yadda baƙaƙen ƙarshen gaɓa suka raunana a tarihin Hausa, kuma daga cikin abin da ya lura da shi akwai komawar baƙaƙen leɓe, wato b da m da f, zuwa wasalin u a karin gabas. Ta wannan hanya ce zamna ta zama zauna, sabka ta zama sauka, abduga ta zama auduga, amre ya zama aure. Shaidar tana cikin bakin Bakano kansa, domin har yau yana cewa zama da amarya, kalmomin da suka adana m ɗin da ta ɓace a zauna da aure. Saboda haka idan tsufa ne ma'aunin inganci, tsohuwar da take cewa zamna a Tsibiri ta fi littafin makaranta kusa da asali, idan kuwa tsufa ba ma'auni ba ne, to wajibi ne mai cewa ta yi kuskure ya faɗi ma'aunin da ya auna ta da shi.

Yadda Kananci ya hau gaba

Amsar da tarihi yake bayarwa ita ce ma'aunin ciniki ne da mulki da injin ɗab'i. Kano ita ce babbar kasuwar ƙasar Hausa, a can ne Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ya kuma tsara ƙa'idojin rubutun Hausa da haruffan Rumawa a 1912, sannan Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East a shekarun 1930, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, da Hukumar Harshen Hausa ta 1955, suka ƙarfafa wannan zaɓi. Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, da finafinan Kano na zamanin nan sun kai wannan kari kowane gida har a hayin iyaka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan dalilai da yake komawa ga zatin sautin, kuma da a ce cibiyar ɗab'i a Sakkwato aka kafa ta, inda Nana Asma'u da 'yan uwanta suka yi waƙoƙin wa'azi da karin yamma a ƙarni na 19, da sunka ce za ta zama daidai a takardar jarrabawa. Ƙamusun Bargery na 1934, wanda har yau ba a samu da yawa da suka kai shi faɗi ba, ya tattara kalmomin Sakkwato da Katsina da Gobir ya sa musu alamar yankinsu, bai kuma ɗauke su a matsayin shara ba.

Irin wannan ya faru a wasu ƙasashe masu nisa. A tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya, mutanen Surakarta da Yogyakarta, inda fadojin da suka gaji daular Mataram suke, sukan furta wasalin a na ƙarshen kalma kusa da o, mutanen Banyumas da ke yamma kuwa suna furta shi a yadda yake a tsohon harshen, amma duk da haka karin fada ne aka ɗauka na ladabi, na Banyumas kuma aka daɗe ana yi masa kallon na ƙauye. Darasin iri ɗaya ne da na ƙasar Hausa, wato darajar kari daga darajar masu magana da shi take fitowa, kuma sau da yawa wanda aka raina shi ne ya fi tsufa.

Abin da malaman Musulunci suka tattauna

Malaman usulu da na lugga sun yi doguwar muhawara a kan asalin harshe. Wasu sun tafi a kan tauƙifi, wato cewa Allah ne ya sanya kalmomi ya koyar da su, suna kafa hujja da ayar Suratul Baƙara da take ba da labarin koya wa Annabi Adamu sunaye, wasu kuma sun tafi a kan isɗilahi, wato cewa mutane ne suka daidaita a tsakaninsu a kan kiran kowane abu da sunansa, akwai kuma waɗanda suka haɗa biyun ko suka dakata ba su rinjayar ba. Abin lura shi ne ko wanne aka ɗauka, ba a samun hujjar fifita fura a kan hura. Idan harshe koyarwar Ubangiji ce, aya ta 22 ta Suratur Rum ta lissafa saɓanin harsunan mutane da launukansu cikin ayoyin Allah, a jere ɗaya da halittar sammai da ƙasa, kuma masu tafsiri sun shigar da saɓanin lafazi da murya cikin ma'anarta, abin da kuwa aka kira aya ba a kiransa aibi. Idan kuma harshe yarjejeniyar mutane ce, to Gobirawa mutane ne da suka daidaita a kan bakinsu kamar yadda Kanawa suka daidaita a kan nasu, yarjejeniyar wani gari kuma ba ta warware ta wani. Ibnu Jinni, malamin lugga da ya rasu a shekara ta 392 bayan Hijira, ya ware babi a littafinsa Al-Khasa'is domin nuna cewa kare-karen kabilun Larabawa duka hujja ne, kuma ba a ture ɗaya da ɗaya, ko da ana iya zaɓar wanda ya fi yaɗuwa.

Misali mafi girma yana cikin tarihin Alƙur'ani. Ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihul Bukhari da Sahihu Muslim cewa Umar ɗan Haɗɗabi ya ji Hishamu ɗan Hakimu yana karanta Suratul Furƙan ta wata hanya da ta saɓa wa wadda shi aka koya masa, sai ya ja shi zuwa wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya saurari karatun kowannensu ya tabbatar da shi, ya kuma bayyana cewa an saukar da Alƙur'ani a kan harufa bakwai domin sauƙi. Malamai sun yi saɓani mai yawa a kan abin da ake nufi da harufan, kuma Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙa a ƙarshen ƙarni na 15, ya tara ra'ayoyin a littafinsa Al-Itƙan, cikinsu har da ra'ayin da yake cewa kare-karen kabilun Larabawa ne. Ko da wane ra'ayi aka bi, abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne mutum mai tsananin kishin gaskiya irin Umar ya ɗauki saɓanin lafazi a matsayin ɓata, aka kuma nuna masa cewa rahama ce.

Daga baya, lokacin da Huzaifa ɗan Yamani ya ga rundunonin Sham da Iraƙi suna jayayya a kan karatu, Halifa Usmanu ya sa Zaidu ɗan Sabitu da wasu Ƙuraishawa suka rubuta mus'hafi ɗaya aka aika da kwafinsa birane. Wannan rubutu, wanda ake kira rasmu, ba shi da ɗigo ko wasali a farkonsa, saboda haka ya iya ɗaukar karatu fiye da ɗaya, kuma daga cikin karatun da suka dace da shi ne Ibnu Mujahid ya tattara ƙira'o'i bakwai a ƙarni na huɗu na Hijira, Ibnul Jazari kuma ya taƙaita sharuɗɗan karɓar ƙira'a a uku, wato ta dace da Larabci ta wata fuska, ta dace da rasmu, sannan isnadinta ya inganta. Mutumin Tsibiri ko Maraɗi ba baƙo ba ne ga wannan, domin a makarantar allo ruwayar Warshu daga Nafi'u na Madina ake rubutawa ana wankewa tun kaka da kakanni, a makarantun Islamiyya kuwa ruwayar Hafsu daga Asimu na Kufa ta yaɗu ta hanyar bugun Misira na 1924 da bugun Madina na baya. Warshu yana sassauta hamza a wurare da yawa, yana kuma karkatar da wasu wasula, har ɗigon da ake sa wa wannan karkatarwa a ƙarƙashin harafi shi ne marubuta ajami suka ara suna rubuta wasalin e na Hausa da shi. Gardi mai Warshu da ɗalibi mai Hafsu suna tsayawa sahu ɗaya a bayan limami ɗaya, kuma duk wanda ya san ilimin ba ya ce wa ɗayansu ya yi ɓarna.

Iyakar kwatancin

Wajibi ne a tsaya a nan a yi adalci, domin kwatanta Hausa da karatun Alƙur'ani yana da iyaka. Ƙira'a abin naƙaltowa ce daga baki zuwa baki har zuwa ga Annabi, ba a ƙirƙira ta, kuma ba kowane lafazi ne yake zama ƙira'a don kawai wasu mutane sun saba da shi ba. Shi ya sa malaman tajwidi, wato ilimin ba kowane harafi haƙƙinsa, suka raba kuskure gida biyu, lahani bayyananne wanda yake canza harafi ko ma'ana, da lahani ɓoyayye wanda gwanaye kaɗai suke ganewa. Bahaushe ya daɗe yana furta harafin da ake kira lodi kamar l, kuma daga nan ne kalmomin alƙali da alwala da farilla da larura suka sami siffarsu. A cikin salla ana neman mai iko ya gyara wannan harafi gwargwadon ƙoƙarinsa, domin akwai asali tabbatacce da ake komawa gare shi, amma a cikin Hausa alwala kalma ce cikakkiya wadda ba ta jiran gyaran kowa. Bambancin ke nan: nassi yana da asalin da aka saukar aka tsare, maganar yau da kullum kuwa ba ta da wani mus'hafi da aka ajiye a Kano ko a Alƙalawa wanda za a auna bakin jama'a da shi. Idan har a wurin da ake da asali saukakke an bar ƙofar saɓani a buɗe cikin sharaɗi, to wurin da babu irin wannan asali ya fi cancantar a bar ta.

Akwai kuma hujjar masu kare daidaitawa, wadda ba ta da rauni. Al'ummar da ta bazu daga Agadas zuwa Kumasi da Sudan tana bukatar rubutu ɗaya domin littafin da aka buga a Zariya ya karantu a Damagaram, domin kuma doka da takardar magani kada su zama abin tawili. Wannan ne ya sa aka yi taron Bamako na 1966 da taron Yamai na 1980 a kan daidaita rubutun Hausa, ko da yake har yau Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya take rubuta 'y. Hikimar Halifa Usmanu ma ta wannan fuska ce, ya haɗa alƙalami domin ya kashe fitina. Sai dai abin da ya haɗa rubutu ne, kuma rubutun Hausa na boko shi ma a haƙiƙa rasmu ne mai barin sarari, tunda ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, wato hawa da saukar murya, har ya zama gari na zama da gari na tuwo siffarsu ɗaya a takarda, haka ma kuka na hawaye da kuka ta miya, mai karatu ne yake cika sauran daga abin da ya sani. Rubutun da ya riga ya dogara ga bakin mai karatu har haka ba zai gaza ɗaukar hw da h a cikin harafin f ba. Yaron Jiratawa yana iya rubuta lafiya ya karanta lahiya, malaminsa kuma ya gyara masa alƙalami idan ya kauce, ya bar masa bakinsa.

Haƙƙin mai magana

A ƙarshe tambayar tana komawa ga ɗabi'a, domin wanda ake yi wa hukunci mutum ne. Hausawa sun san barkwanci, irin wanda yake tsakanin Kanawa da Zazzagawa ko Gobirawa da Yarbawa, kuma hukumar UNESCO ta sa wasan barkwancin Nijar cikin gadon ɗan Adam a 2014. A cikin barkwanci ana kwaikwayon bakin juna, amma tsakanin tsara da tsara ne, kowa yana da damar ramawa, zumunci kuma yana ƙaruwa. Izgili daban yake, shi ne dariyar da take saukowa daga sama, daga mai ofis zuwa ga mai neman aiki, ko daga malami zuwa ga yaron da bai da bakin ramawa, kuma aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili, ta kuma ba da dalili cewa mai yiwuwa waɗanda ake yi wa sun fi masu yi alheri. Yaron da aka koya wa jin kunyar cewa halshe an koya masa jin kunyar wadda ta fara sa masa magana a baki, an kuma toshe masa hanyar jin daɗin waƙoƙin Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da waƙoƙin malaman Sakkwato, waɗanda ma'auninsu da amsa-amonsu a kan furucin yamma aka gina su, idan aka mayar da su Kananci sai su karye.

A watan Maris na 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a cikin kundin sake gina ƙasa, kuma wannan ya mayar da tambayar ta zama ta aiki, tunda za a rubuta littattafai, a horar da malamai, a zaɓi masu karanta labarai. Masu wannan nauyi, a Yamai ko a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, suna da misali biyu a gabansu, na makarantar da take ɗaukar kari ɗaya ta kira sauran kuskure, da na tsangayar da ta rayu ƙarnuka tana sanin cewa kowane allazi da nasa amanu, kuma mus'hafi ɗaya yana da ruwaya fiye da ɗaya. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma aikin makaranta shi ne ta ƙara wa ɗan Tsibiri rubutun da zai sada shi da Bakano da Bazazzage, ta kuma bar shi ya koma gida da yamma ya gaida mahaifiyarsa da irin bakin da ta rene shi da shi.